Daga Makara Zuwa Barzahu: Abin Da Ke Faruwa Ga Mutum Bayan Rai Ya Yi Halinsa

Tambayar abin da ke samun mutum bayan mutuwarsa tana da amsa fiye da ɗaya a cikin koyarwar Musulunci wadda mafi yawan Hausawa suka tashi a kanta, domin malamai ba su ɗauki mamaci a matsayin abu guda da ya ƙare gaba ɗaya ba. Akwai gangar jiki wadda ake mayarwa ƙasa, akwai ruhi wanda ke shiga wata rayuwa da ake kira barzahu, wato zaman da ke tsakanin mutuwa da tashin alƙiyama, sannan akwai abin da mutum ya bari a bayansa na bashi da dukiya da iyali, wanda shari'a ke ci gaba da jingina shi gare shi ko da ya shekara goma a kushewa. Likita yana da ta cewa a kan gangar jiki, nassi ne kaɗai ke magana a kan ruhi, abin da aka bari kuwa yana hannun magada da alƙali, kuma a nan ne aka fi samun sakaci.

Ta fuskar likitanci, da zarar zuciya ta daina bugawa jini ya tsaya, ƙwaƙwalwa ce ke fara lalacewa, domin ƙwayoyin halittarta ba sa jure rashin iska fiye da 'yan mintuna kaɗan. Daga nan jiki zai fara hucewa har ya daidaita da yanayin ɗakin da yake ciki, jini ya gangara ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, sannan bayan sa'o'i biyu zuwa shida gaɓoɓi su fara sandarewa, ana farawa daga fatar ido da muƙamuƙi kafin abin ya sauka zuwa hannaye da ƙafafu. Wannan ne dalilin da ya sa waɗanda suka saba da gawa suke gaggauta shafe idanun mamaci, su ɗaure masa haɓa da ƙyalle, su miƙar da gaɓoɓinsa tun jiki yana da laushi. Sandarewar takan saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, a lokacin kuma ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanji tun mutum yana raye sun soma aikinsu daga ciki, ciki ya kumbura, wari ya tashi. Zafi yana hanzarta wannan duka, kuma wanda ya san rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, inda ma'aunin zafi ke haura 40, zai fahimci cewa umarnin da hadisi ya yi na gaggauta jana'iza, da ƙyamar da Hausawa ke yi wa kwanan keso, wato gawa ta kwana ba a binne ta ba, duka suna kare mutuncin mamaci ne. Zancen da ake yi cewa farce da gashin mamaci suna ci gaba da tsiro kuwa ba haka yake ba. Fata ce ke bushewa ta ja baya, sai a ga kamar sun ƙara tsawo.

Haƙƙoƙin gangar jiki a kan masu rai huɗu ne, wato wanka da likkafani da salla da binnewa, kuma dukkansu farilla ce ta kifaya, ma'ana idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan sauran jama'a, idan kuma kowa ya yi burus da ita laifin ya hau kan duk wanda ya sani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 miladiyya kuma har yau ake karanta littafinsa a zaurukan malamai daga Kano zuwa Agadas, ya fayyace yadda ake yi a mazhabar Malikiyya: a wanke gawa wutiri, wato sau uku ko biyar ko bakwai, da ruwa da ganyen magarya, a sa kafur a wankin ƙarshe, a tsare al'aurarta, sannan a naɗe ta da farin ƙyalle. Sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada, kabbarori huɗu ne da addu'a a tsakaninsu, liman yana tsayawa daidai tsakiyar namiji ko daidai kafaɗun mace, kuma yawanci a ƙofar gida ko a fili ake yin ta, saboda Malikawa ba su so a shigar da gawa cikin masallaci ba. A maƙabarta akan haƙa rami mai faɗi, a sake haƙa wani siriri a tsakiyarsa daidai kwanciyar mutum, wanda malamai ke kira shaƙƙu, ko kuma a rarake gefen alƙibla idan ƙasar tana da ƙarfi, shi ne lahadu. Sai a kwantar da mamaci a kan ɓarinsa na dama yana fuskantar gabas, a kwance ƙullin likkafani, a jera itatuwa ko fasassun tukwane a kan ƙaramin ramin, a toshe kafofi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada turɓaya ta zubo masa, sannan a mayar da sauran ƙasar a yayyafa ruwa. Sarki da talaka iri ɗaya ake yi musu, sai dai bambancin yawan sahu.

Abin da ke bayan wannan gaibu ne, wato abin da ido da hankali ba sa kaiwa gare shi sai ta hanyar wahayi, don haka malaman da suka yi rubutu a kai, irin su Gazali a babin ƙarshe na Ihya'u Ulumiddin, da Ƙurɗubi a Tazkira, da Ibn Ƙayyim a Kitabur Ruh, da Suyuɗi a Sharhus Sudur, sun gina maganarsu ne a kan ayoyi da hadisai, sai kuma labaran magabata da mafarkai waɗanda ba su kai na farko ƙarfi ba. Rarrabe waɗannan matakai yana da muhimmanci, domin mai wa'azi yakan zuba su duka a faifai ɗaya, mai sauraro kuma ya tashi bai san wanne ne tabbatacce ba. Misali mafi kusa shi ne sunan Azara'ilu, wanda kowane yaro ya sani: Alƙur'ani a cikin suratus Sajda ya ambaci Mala'ikan Mutuwa ne kawai da aikinsa, kuma masana hadisi sun bayyana cewa wancan sunan bai zo a ingantaccen hadisi ba.

Mafi cikar bayani game da fitar rai shi ne dogon hadisin Bara'u ɗan Azib, wanda Imamu Ahmad da Abu Dawud suka ruwaito. A cikinsa an bayyana cewa mala'iku masu hasken fuska suna saukowa ga mumini da likkafani da turare daga Aljanna, ransa ya fita a sauƙaƙe kamar ɗigon ruwa daga bakin salka, a hau da shi sama ana buɗe masa ƙofofi ana kiransa da mafi kyawun sunayensa, alhali ran wanda ya kafirce fizge shi ake yi da tsanani, a rufe masa ƙofofin sama, a jefo shi ƙasa. Daga nan sai a mayar da ruhin ga jikin a cikin kabari, mala'iku biyu su zaunar da shi su tambaye shi game da Ubangijinsa da addininsa da Annabin da aka aiko masa. Sunayensu, Munkar da Nakir, sun zo ne a wata ruwaya ta Tirmizi daga Abu Huraira, kuma su ne bakin Bahaushe ya dunƙule ya mayar Walakiri mai gudumar nan da ake tsorata yara da shi. Wanda ya amsa daidai akan yalwata masa kabarinsa, a buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna, aikinsa na ƙwarai ya zo masa a siffar mutum mai kyan fuska ya zauna da shi. Wanda ya kasa kuwa akan ƙuntata masa, a buɗe masa ƙofa zuwa wuta. Malamai sun jaddada cewa amsar ba ta hadda ba ce, abin da mutum ya rayu a kansa ne ke fitowa daga bakinsa, kuma sun ce wanda ruwa ya ci ko gobara ta cinye ko namun daji suka yayyaga, shi ma yana shiga barzahu kamar kowa, domin kiran abin azabar kabari ya biyo galibin halin mutane ne.

Babbar hujjar Ahlus Sunna a kan azabar kabari daga Alƙur'ani ita ce aya ta 46 a suratu Gafir, inda aka ba da labarin cewa ana bijiro da mutanen Fir'auna ga wuta safe da yamma, sannan aka ambaci azabarsu ta ranar alƙiyama daban, abin da ke nuna akwai wata kafin waccan. Wasu daga cikin masu ilimin kalam na farko, irin su Dirar ɗan Amru, sun musa azabar kabari da hujjar cewa idan aka tone kabari ba a ganin wuta ba a ganin lambu, sai ƙasusuwa kwance yadda aka bar su. Gazali ya amsa da misalin mai barci, wanda ke shan wahala ko daɗi a mafarkinsa har gumi ya keto masa, alhali na kusa da shi bai ga komai ba. Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan cewa ruhi ne kaɗai ke ɗanɗanar ni'ima ko azaba, jumhurun malamai kuma suka ce jiki yana da rabonsa ta yanayin da Allah ne ya san shi. Abin lura a nan shi ne laifukan da nassi ya ambata a matsayin sababin azaba ba irin waɗanda jama'a ke ɗauka manya ba ne, domin a hadisin Ibn Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya wuce kaburbura biyu ya ce ana azabtar da masu su, ɗaya saboda ba ya tsarkaka daga fitsari, ɗayan saboda annamimanci, wato kwasar magana daga wannan a kai wa wancan don a haɗa su.

Ko mamaci yana jin masu rai? Saɓani a kan wannan ya faro tun daga sahabbai. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsaya a bakin rijiyar da aka zuba gawarwakin shugabannin Ƙuraishawa bayan yaƙin Badar ya yi musu magana, ya kuma shaida wa Umar cewa suna ji, amma Nana A'isha ta fassara maganar da cewa sun san gaskiya ne a yanzu, ta kafa hujja da ayar da ke kore jiyar da waɗanda ke cikin kaburbura. Abin da ya inganta daga Anas shi ne mamaci yana jin takun takalman waɗanda suka raka shi sa'ad da suke juyawa, kuma Amru ɗan As ya yi wasiyya a tsaya a gefen kabarinsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa, don ya samu natsuwa da su kafin ya fuskanci tambaya. Sunnar da ta tabbata ita ce a ɗan dakata bayan binnewa a nema wa mamaci gafara da tabbatuwa. Talƙini bayan binnewa kuwa, wato wani ya durƙusa a kan kabari yana tuna wa mamaci amsoshin tambayoyin nan, ya dogara ne da hadisin da masana suka raunana, shi ya sa wasu malamai suka so shi wasu suka bar shi, saɓanin laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, wanda babu jayayya a kansa.

Akwai kuma tsofaffin ra'ayoyin da suka riga Musulunci zama a ƙasar Hausa, waɗanda ba su gama gushewa daga bakin mutane ba. Ɗaya shi ne fatalwa, wato kurwar mamaci da ake cewa tana dawowa ta yi yawo a gida ko a hanya, musamman idan mutuwar ta fuju'a ce. Wani kuma shi ne wabi, inda ake ɗauka cewa jariri ɗaya ne ke zuwa yana komawa a wajen matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, har akan yi wa yaro wata alama ko a laƙaba masa sunan wulaƙanci don ya zauna. Koyarwar Musulunci ta rufe wannan ƙofa, domin a ƙarshen suratul Muminun, inda kalmar barzahu ta zo da ma'anar da ake nufi a nan, an ba da labarin mai roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa aka ƙi. Likitoci kuma sun nuna cewa da yawa daga cikin abin da ake kira wabi ciwon sikila ne da yara ke gada daga iyaye biyu masu ɗauke da shi, wanda gwajin jini kafin aure ke iya bayyanawa.

Barzahu yana ƙarewa ne da busa ƙaho, wanda aka ɗora wa Mala'ika Israfilu: busa ta farko ta halaka, ta biyu ta tashi. Da aka tambayi Abu Huraira ko arba'in ɗin da hadisi ya ce suna tsakaninsu kwanaki ne ko watanni ko shekaru, sai ya ƙi yankewa, kuma a wannan hadisin ne aka bayyana cewa komai na jikin ɗan Adam yana ruɓewa sai wani ɗan ƙashi a ƙarshen gadon baya, wanda daga gare shi za a sake harhaɗa halitta. Abin da ke biye sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a wajen tafsirin azumi, wato tsayuwa a yinin da suratul Ma'arij ta ƙiyasta da shekara 50,000, da karɓar takardu, da hisabi, da mizani, da ceto, da ƙetare siraɗi, sannan Aljanna ko wuta. Wani ɓangare na hisabin ne ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne na haƙƙin bayi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya siffanta matsiyacin gaske da wanda zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, idan ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa.

Wannan ne ya dawo da magana kan masu rai da abin da suke yi wa mamacinsu. Bisa al'ada akan yi zaman makoki na kwana uku ko bakwai, maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki, masu gaisuwa suna shigowa suna tambayar haƙuri suna roƙon Allah ya jiƙan rai ya kyautata namu zuwan, sannan a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba ko waina ko ƙosai, a sauke Alƙur'ani. Jayayya a kan wannan ta daɗe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe babi guda a littafinsa Ihya'us Sunna a kan jana'iza da maƙabartu da abubuwan da mutane suka ƙirƙira a cikinsu, kuma tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 batun sadakar uku da arba'in ya zama ɗaya daga cikin alamomin da ke raba ta da malaman ɗariƙu. Masu hanawa suna cewa sunna ita ce maƙwabta su dafa wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bayan ya yi shahada a Mu'uta, kuma ƙayyade ranaku ba shi da asali. Masu yi suna cewa ciyarwa sadaka ce, addu'a kuma ba ta da lokacin hani. Game da ladan karatu ma, abin da ya shahara daga Malik da Shafi'i shi ne ba ya isa ga mamaci, Abu Hanifa da Ahmad suka ce yana isa, kuma Malikawa da yawa na baya sun karkata ga ra'ayi na biyu.

Sai dai duk ɓangarorin sun haɗu a kan abubuwa uku da ke amfanar mamaci, wato addu'a da sadaka a madadinsa da biyan bashinsa, kuma abin mamaki ne yadda na ƙarshen, wanda nassi ya fi tsanantawa a kansa, shi ne ya fi ƙarancin masu gardama da masu aikatawa. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, Buhari kuma ya kawo yadda Annabi (SAW) ya ƙi sallatar wani mutum saboda 'yan dinarai da ake binsa har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Liman yakan yi cigiya kafin a ɗaga makara cewa duk mai bin mamaci bashi ya nemi wane, amma sau da yawa kunya takan hana mai bi magana a gaban gawa, idan ya dawo bayan arba'in kuma ya tarar magada sun ce ba su san zancen ba.

Fiƙihu ya tsara yadda ake fitar da haƙƙoƙi daga abin da mamaci ya bari, kuma magada su ne na ƙarshe a jerin. Ana farawa da abin da ya rataya a kan wata kadara ta musamman, kamar gonar da aka jinginar, sai kuɗin likkafani da haƙar kabari ba tare da almubazzaranci ba, sai basussuka, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, sannan a raba saura bisa ayoyin suratun Nisa'i. Saboda haka shinkafa da naman da aka dafa wa baƙi daga dukiyar da marayu ke da rabo a ciki, kafin a biya bashi kuma ba da yardar magada baligai daga nasu kason ba, ba a kiransu sadaka ko a wajen malamin da ya halatta sadakar arba'in. Haka nan gidan da babban wa ya riƙe shekara ashirin ba a raba ba, ana cewa kada a wargaza zumunci, alhali 'yan'uwa mata suna gidajen haya, da matar da ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma ta fita ba a ba ta tumuninta ba, wato kashi ɗaya cikin takwas da take da shi idan mijin ya bar ɗa ko 'ya, duk haƙƙoƙi ne da suka koma wuyan masu rai, kuma kotunan shari'a a Arewa cike suke da irin waɗannan ƙararraki na jikoki da ke neman gadon kakanni.

Mafi yawan wannan rikici yana tasowa ne daga rashin rubutu, domin ciniki da rance da ajiya da adashi a kasuwanninmu a kan amana da baki suke tafiya, mai sanin sirrin kuma shi ne aka kai maƙabarta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wajensa ba. Ya kamata duk mai karatun da ake bi ko yake bi, ko yake riƙe da ajiyar wani, ya samu takarda ya rubuta suna da adadi, da boko ko da ajami, ya sa mutum biyu su shaida, ya kuma sanar da iyalinsa inda ya ajiye ta.